Baƙaƙen Rasha da Gonar Jan Dutse

Ku duka kun taso kun iske ana ce mini Ɗan Rasha, kuma na san yadda kuke ba abokanku labarin: wai babanku tsoho ne mai ban dariya, ya koyi yaren ƙasar da bai taɓa takawa ba, sannan ya watsar da shi rana tsaka ba dalili. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu nake so in gyara muku tun idona yana ganin layin takarda.

Abin ya faro ne lokacin da ake aikin farfaɗo da fako a tudun ƙauyenmu, tsakanin Keita da Buza. Ku da kuka girma a Tawa ba ku ga yadda tudun nan yake a da ba: ƙasa ce ƙeƙasasshiya, ruwa ya faɗo ya wuce abinsa kamar a kan kwano. Mutane, yawancinsu mata, suna ɗauko duwatsu a ka suna jerawa layi-layi don su tare ruwan. Ni ban ɗauki dutse ko ɗaya ba. Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, saboda haka aka ba ni bik, wato biro, da takarda in riƙa kiran suna da safe, aka kuma liƙa mini Mushe, sunan da ake ba malamin makaranta, alhali ban taɓa koya wa kowa komai ba. Kafin hantsi na gama aikina. Sauran yinin ina inuwa ina kallon mata suna zufa. A inuwar nan na saba da Likita Umaru, wani likitan dabbobi mutumin Madawa, wanda aka taɓa turawa karatu ƙasar Rasha. Yakan tsaya da babur ɗinsa mu sha shayi, kuma in raƙumi ya ba shi haushi wajen allura sai ya zage shi da wani yare mai kaushi, raƙumin kuwa ya yi shiru. Na dame shi da tambaya har ya gaji. Ranar da aka ɗauke shi daga yankinmu ya miƙo mini wani littafi mai yagaggen bango, wanda aka rubuta don masu jin Faransanci, da ɗan ƙamus a bayansa.

"Ungo, Mushe, kai ad da lokacin ɓatawa," in ji shi. "In ka wuce darasi na goma, ka hi ni haƙuri."

Baƙaƙen talatin da uku ne. Waɗansu baƙi ne sarai, ka san ba ka san su ba, kuma su ne masu sauƙi. Masu wahala su ne waɗanda suka yi kama da namu na boko: ka gan shi ka rantse ka san shi, ka gaishe shi, ya amsa maka da wata murya dabam. Akwai mai kama da kwaɗo a baje. Akwai guda biyu da ba su da sauti ko kaɗan, suna dai zaune cikin kalma sun yi gum kamar surukai. Da kara na riƙa zana su a ƙasa ina sharewa da ƙafa, wata guda cur, kafin in yarda in ɓata musu takarda. Daga nan sai jimloli. Cikin bazarar ƙasarmu ta Adar, rigata ta manne da bayana, ina zaune ina maimaita cewa dusar ƙanƙara tana zuba, Anna tana shan shayi, don Allah ina tashar jirgin ƙasa take. Har yau in kun sauke ni a ƙasar Rasha zan iya tambayar tashar jirgin ƙasa, sai dai ba zan gane amsar ba.

Kada ku tambaye ni amfanin abin. Wani dara yake yi, wani kiwon tantabara, wani ba ya barin kokawa ta wuce shi ko a ina ake yi. Ni wannan ne ya kama ni. A gidanmu na lokacin ko tabarma ta kowa ce, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ba ka da ko tari na kanka. Rashancin nan shi ne abu guda da yake nawa ni kaɗai, kuma ina son sa ƙwarai. Mutanen gida kowa da yadda ya ɗauke shi. Kakarku Inna ta tare ni wata rana a bakin rumbu.

"Auta, wanga karatu, in ka ƙare shi, aiki aka ba ka ko hatsi?"

"Ba a ba ni komi, Inna."

"To, Allah shi shirya."

Uwarku Hajo kuwa ta matsa mini in fassara mata abin da nake ta gunaguni. Da na fassara sai ta samu abin tsokana na shekaru.

"Malam, wagga Anna taka, tun bara taka shan shayi. Ita ba ta da daka?"

Yaya Mamman bai taɓa cewa uffan ba. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Da aka zo neman yaro guda daga gidanmu a sa lakwal, ni aka bayar, shi ya tsaya ya yi noman mutum biyu duk shekarun da nake zaune a benci. Bai taɓa goranta mini ba. In ya gan ni da littafin yakan dube ni yadda ake duban mara lafiyar da ba a san maganinsa ba, ya wuce da hauyarsa.

Da hannuna ya fara faɗawa sai na rasa abin rubutawa, don ba ni da wanda zan aika wa wasiƙa. Sai na sayi kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal, na shiga rubuta abin da ya faru a yini, da Hausarmu amma da baƙaƙen Rasha. Yau akuyar Hajo ta haifi biyu. Yau an yi ruwa har ya ci katangar masallaci. Ba don ɓoye wani asiri na yi ba, hannu kawai nake gogewa. Na cika kaye ya fi goma da irin wannan shirme.

Cikin matan da suke ɗaukar dutse akwai Gaishata, daga tungar makiyaya da ke gabas da mu, mutanen da suke kiwon shanu suna kuma noma, suna jin Hausa suna jin Tamajak. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Agali. Shekara biyu ina kiran sunanta, ban taɓa kira ba ta amsa ba. Da aka gama aikin, tsohon maigari ya raba wa mutane filin, ya ba ta daga wani jan dutse zuwa bakin kwazazzabo. Ta haƙa ramuka ta zuba takin shanunta, wurin ya yi hatsin da har daga Buza ake zuwa kallo. Bayan 'yan shekaru damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙare, ya zama dole ta kora shanunta kudu. A lokacin ruwa ya riga ya cinye rabin gonar Yaya Mamman ta kwari. Ta zo zaurenmu, a gabana da wasu mutum biyu, ta ba shi aron gonar jan dutse. Al'adarmu a aron gona ita ce duk kaka mai aro ya kai wa mai gona dami guda na hatsi. Ba biya ba ne, shaida ce, don kowa ya gani ya tuna ta wane ce. Da la'asar ɗin ranar na rubuta wannan a kayena, layi biyu, a ƙarƙashin labarin wata kaza da shaho ya ɗauke.

Shekarun farko Yaya ya riƙa aika damin tunga wurin danginta. Daga baya dangin suka tashi, dami ya tsaya, ba wanda ya tambaya. Tsohon maigari ya rasu ɗansa ya gaje shi. Cikin mutum biyun da suka ji maganar, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi Abijan aka daina jin labarinsa. Yaya kuwa ya zuba ƙarfinsa a gonar, ya ƙara layukan dutse, ya shuka itatuwa, ya aurar da 'ya'ya da hatsinta. Sai ga Gaishata ta dawo bayan shekara goma sha wani abu, ta tsufa, shanun sun ƙare sai ɗan abin da ba a rasa ba, Agali ya zama magidanci da mata da yara. Suka zo gaisuwa, aka sha fura, sannan Agali ya ce sun zo karɓar gona kafin shuka. Yaya ya dubi ƙasa ya ce kyauta aka yi masa.

Magana ta kai ƙofar maigari. Ba sauran shaida sai ni, kuma ba a karɓar bakin ƙane a shari'ar wansa, don haka abin da ya rage shi ne rantsuwa: Yaya Mamman ya dafa Alƙur'ani. Ku 'yan birni ne, ku sani a wurinmu ba a wasa da wannan. Mutane sun tabbata wanda ya dafa a kan ƙarya ba shi kaɗai zai ɗauka ba, gidansa duka za ta ci. Inna ta daina cin abinci. Ana cikin haka wani ya tuna cewa Mushe ba abin da yake wucewa bai rubuta ba. Maigari ya yi murna ƙwarai, don shi ma ba ya son a yi rantsuwa a zamaninsa.

"Madalla," ya ce. "Rubutun da ba wanda ya iya shi, wa za ya taɓa shi? Wagga takarda ta hi shaidu goma."

Duk dattawan da ke wurin suka yarda da wannan hankali. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa rubutun da ba wanda ya iya shi, ba wanda zai duba abin da aka karanta masa.

Na fito da kayen daga akwati, na nemo shafin, na same shi yadda na bar shi. Ana jibi za a zauna Inna ta aika a kira ni ɗakinta.

"Auta, an ce takardarka aka jira."

"Ita aka jira, Inna."

"Ban tambaye ka mi ac ciki ba. Ni dai na san wanda yay yi noma kay yi boko."

Yaya bai roƙe ni ba, kuma da ya roƙa da ya fi mini sauƙi. Na iske shi yana gyara ƙotar hauya, bai ɗaga kai ba ya ce, "Isuhu, baki goma sha bakwai ka ci ga gonag ga." Iyakar maganarsa ke nan. Uwarku ce kaɗai ta fito mini fili, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba.

"Malam, ni hwa na san damin nan. Da hannuna ni ɗaure shi bisa jaki, kaka ukku."

"Ba a kira ki ba, Hajo."

"Haka na. Ba a kira ni ba."

Aka zauna da hantsi a ƙofar maigari, maza a gaba, mata daga baya kusa da danga. Gaishata da Inna suna gaban mata, dab da inda na zauna. Liman yana gefe da Alƙur'ani a naɗe a kan cinyarsa. Kayen ya bi hannu-hannu. Liman ya duba ya juya shi ya ce ba Larabci ba ne. Malamin lakwal ya duba ya ce ba Faransanci ba ne. Aka shafa takardar aka ga ta yi ja don tsufa, tawada ta koɗe, kowa ya gamsu ba jiya aka rubuta ba. Sannan aka miƙo mini. Na karanta da ƙarfi, ina bin layi da yatsa: "Yau Lahadi Gaishata ta bar wa Yaya Mamman gonarta ta jan dutse, za ta tafi kudu da shanu." Layi na biyu yana cewa: "Aro ne, dami guda duk kaka." Ga shi yau na rubuta muku shi da boko, kowa ya karanta. A ranar ban karanta shi ba.

"Ba sauran magana?" in ji maigari.

"Babu, ranka shi daɗe."

Agali ya miƙe zai yi musu, dattawa suka zaunar da shi. Maigari ya ce tunda takarda ta ce an bar masa, ba ta ambaci aro ba, ga kuma shekarun da gona ta yi a hannunsa, ta Mamman ce. Liman ya mayar da Alƙur'ani cikin gafaka, na ji mutane suna ajiyar zuciya. A hanyar gida har ana dafa kafaɗata ana cewa ashe yaren Rasha ma yana da rana. Wannan shi ne karo na farko da abin sha'awata ya yi wa wani amfani, kuma shi ne na ƙarshe.

Ba zan ce muku na kasa barci ko na rame ba, don ƙarya ce. Na ci tuwon hatsin gonar nan shekara da shekaru, ya kuma yi mini daɗi. Abin da ya faru ƙarami ne. Bayan kwana kaɗan na buɗe littafin Likita Umaru a inda na tsaya, baƙaƙen suna nan yadda suke, amma na ji ba na son zama da su, kamar mutumin da ya gan ka a inda bai kamata ba. Na rufe na ce sai gobe. Goben ba ta zo ba. Hajo ba ta sake tayar da maganar dami ba har ta koma ga Allah, amma daga ranar ba ta ƙara tambaya ta labarin Anna ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Gaishata da ɗanta suka tashi suka koma wajen Karofane. Inna ta rasu a ɗakinta cikin kwanciyar rai, Yaya ya bi ta bayan shekaru, gona ta zama gadon 'ya'yansa.

Ke Rabi za ki tuna bara da kika zo hutu kika tono kayen nan a akwati. Kika ce wayarki tana karanta kowane irin rubutu, kika ɗauki hoton shafi bayan shafi, har kika iso na jan dutse. Wayar ta yi ta juyi, ta fito da shirme, don Hausa ce cikin rigar Rasha, ga kuma hannuna kamar tafiyar kaza. Kuka yi dariya, na taya ku. Abin da na fara ji sauƙi ne, sauƙi mai daɗi, kamar an sauke mini buhu. Sai daga baya kunyar wannan sauƙin ta kama ni, don na gane duk duniya ba mai karanta layin nan sai ni, kuma na wuce saba'in.

Bayan tafiyarki na ɗauki kayen na je wurin maigari, shi ɗin dai, ya tsufa kamar ni. Na karanta masa layi biyun. Ya shafa gemu.

"Mushe, rannan kac ce babu, yau ka ce akwai, takardar kuwa ita ta dai. Wace magana za ni kamawa? Shari'a ta wuce. In ɗiyan Mamman sun yarda su bari, ruwansu."

Ba su yarda ba. Habu, babban ɗan Yaya, ya ce tsufa ne ya taɓa ni, kuma shi ya sa kuka ga bai zo sunan jaririn ɗan'uwanku Sani ba. Ban ga laifinsa ba. A gonar nan ya koyi riƙe hauya, kuma ni na shaida a gaban jama'a cewa ta ubansa ce.

Ranar wata kasuwa na shiga mota na nufi Karofane, na yi ta tambaya har aka nuna mini bukkar Gaishata a bayan gari. Na iske ta a waje tana saƙar tabarma da kaba, idonta ya yi hazo.

"Wa na?"

"Mushe na, mai kiran suna."

"Af, Mushe. Kana da rai? Zamna."

Muka gaisa, ta tambayi Hajo na ce ta rasu, ta yi mata addu'a. Sannan na faɗa mata komai, ban rage ba. Hannunta bai daina saƙa ba.

"Na sani," ta ce.

"Ƙaƙa kinka sani? Hajo ta hwaɗa maki?"

"Hajo ba ta hwaɗa man komi ba. Ban iya karatu ba, Mushe, amma na iya bin sawu. Yatsanka nika kallo. Yat tahi, yat tahi, yat tsaya, ga sauran baƙi kwance ƙarƙashinai."

"To don mi ba ki yi magana ba?"

"In na yi, liman shi kwance Alƙur'ani, a ce kai ka dahwa. Kuma da ka dahwa, na gani ga idonka. Ga tsohuwarka kusa gare ni tana kyarma, har ƙahwatta na bugun tawa. Sai nic ce ma raina gona ta tahi."

Duk shekarun nan ina ganin ni na rufa wa gidanmu asiri da wayona, ashe matar da na cuta ce ta rufa mana. Na sunkuyar da kai na roƙe ta gafara. Ta ja wani zaren kaba ta gyara shi da haƙori.

"Nawa na yahe tun rannan. Na Agali ba ni ad da shi ba. In ka gane shi, ka karanta mashi."

Na tambaye ta yana ina. Ta ce damina biyu ya yi yana noman wani ɗan tudu da ba ya cika rumbu, sannan ya bar mata matarsa da yara ya tsallaka Libiya neman aiki. Shekara shida ke nan rabon da a ji ɗuriyarsa.